Kafaɗar da Gwaggo Ta Ɗora

Ranar da Gwaggo ta rasu ruwa ya riga ya cinye hanyar garinmu, don haka masu zuwa ta'aziyya a bakin titin Auyo suke ajiye baburansu su shiga kwale-kwale. Ina tsaye a ƙofar gida bayan an dawo daga maƙabarta sai na hango jirgi ɗaya ɗauke da dogayen mutane, sun takure gwiwa a haɓa, matuƙin yana ta roƙonsu su daina motsi. Tun daga nesa na gane su. Abokan wasana ne na ƙwallon hannu, waɗanda rabonmu da zama wuri ɗaya tun da ƙungiyarmu ta watse.

Suka zauna a tabarma aka yi addu'a aka shafa. Sai mai tsaron ragarmu ya miƙa hannunsa na dama ya nuna wa Baba ɗan yatsansa na tsakiya, ya ce wannan Gwaggo ce ta mayar da shi. Wani ya taɓa idon sawunsa, wani ya murza babban yatsa. Baba, wanda shi ne ƙanen marigayiya kuma mahaifina, yana kallonsu yana gyaɗa kai. Wani Bafulatani da ke gefe ya ce shi ƙafar sansa ta ɗora masa, shekarar da ya faɗa rami, kuma har aka sayar da san nan bai yi ɗingishi ba. Daga cikin gida ina jin mata suna cewa yanzu kam wanda ya karye ya karye ke nan.

Kocinmu ne kaɗai bai nuna komai ba. Ya zauna can ƙarshen tabarma da hularsa a hannu, bai ɗago kai ba har suka tashi. Ni da shi mun san dalili.

Gwaggo yayar mahaifina ce, kuma ita ta gaji ɗori a wurin kakanmu, domin Baba tun yana ƙarami ba ya iya tsayawa inda ake jan ƙashi. Allah bai bar mata ɗa ko ɗaya ba. Da mijinta ya rasu sai ta dawo gida, aka ba ta ɗakin da ke kusa da zaure saboda masu zuwa. Kayan aikinta ba su da yawa: karan dawa da take yankawa ta fere da kanta, tsofaffin zannuwa da ta yage ta wanke, da man shanu a ƙaramar kwalba. Idan aka kawo mata mai karaya ba ta kallon wurin ciwon. Sai ta dafa shi ta shiga yi wa mutum tambayoyin da ba su shafi komai ba, wace irin shinkafa ya shuka bana, nawa ne 'ya'yansa, waye ya yi masa wannan mummunan aski. Yana cikin ba ta amsa za ta fizga. Kafin ya gama salati ta fara naɗewa. Duk wanda ya tambaye ta yaushe zai warke, amsarta ɗaya ce, ta ce ƙashi kwana yake so, ita nata jerawa ne kawai.

Ni bahago aka haife ni, kuma Baba bai so haka ba. Duk abin da na ɗauka da hagu sai ya doke hannun. Gwaggo ce ta tsaya a kan maganar, ta ce abinci da gaisuwa in yi da dama, sauran kuma a bar ni yadda Allah ya yi ni. Daga nan ta laƙaba mini Bahago, ban taɓa jin ta kira sunana na yanka ba. Da wannan hannun na koyi jifa a fadama, ina korar tsuntsayen jan-baki daga gonar shinkafa da hoge, har ya zama tsuntsu na tashi ina samunsa. Da na shiga makaranta a Hadejia malamin wasanni ya ga jifana, ya miƙo mini ƙwallo.

Ƙungiyarmu wani ɗan kasuwa mai harkar shinkafa ne ya kafa ta don sha'awa. Filinmu daɓen siminti ne a bayan wata makaranta, ya tsattsage, idan ka faɗi sai ka bar fata a wurin. Mun yi shekaru a ƙananan gasa, muna targaɗe muna gocewa, kuma duk wanda ya ji ciwo ni nake ɗaukarsa a babur in kai shi wurin Gwaggo. Ba ta taɓa ganin wasan ba ko sau ɗaya. Jifa take ce masa. Ta kan ce ta ga ikon Allah, ƙarti masu gemu sun bar gona sun koma jifan juna, kuma tana faɗin haka tana shafa wa mutum mai a hankali. In ta gama sai ta sa a kawo fura, ba mai tafiya sai ya sha.

Shekarar da muka samu hayewa babbar gasar ƙasa, inda manyan ƙungiyoyi suke, garin Hadejia ya ɗauka. Har waɗanda ba su san mutum nawa ke shiga fili ba sai da suka tare mu a kasuwa suna mana barka. Gasar zango biyu ake yin ta. A tara dukkan ƙungiyoyi a birni ɗaya a yi kwanaki ana bugawa, a tafi hutu na wasu watanni, sannan a dawo a ƙarasa. Waɗanda suka zo ƙarshen tebur su koma ƙaramar gasa. Da na je sallama kafin zangon farko, Gwaggo ta ɗaura mini busasshiyar tarwaɗa da ƙuli-ƙuli, ta zuba man shanu a gwangwani ta ce in raba wa 'yan jifa. Ta tambaye ni ko can ma a kan siminti ake yi. Na ce a'a, ɗaki ne babba mai rufi. Ta ce to, aƙalla rana ba za ta ci mu ba.

Da muka shiga ɗakin nan muka san inda muka zo. Daɓen santsi gare shi, takalmanmu suna zamewa. Sauran ƙungiyoyin sun zo da motocinsu da likitocinsu, 'yan wasansu suna shafa wani danƙo a yatsu don ƙwallo ta manne, mu ko ganinsa ba mu taɓa yi ba. Aka yi ta cinmu. Amma mun ci wasu wasannin, kuma yawancin ƙwallayen daga ɓangarena suka shiga, domin bahago a gefen dama abu ne da masu tsaron gida ba sa so. Ni kaɗai ne bahago a ƙungiyar.

A wasan ƙarshe na zangon na tashi sama zan jefa, wani ya riƙo hannuna ta baya. Na ji ƙara a cikin kunnena kafin in ji zafin. Aka mayar da kafaɗar a bakin fili, aka rataye mini hannu, muka kamo hanyar gida.

Gwaggo ba ta yi mini tambayar shinkafa ba. Ta dafa kafaɗar, tana bin ta da yatsu gaba da baya, har na fara tsorata. Sannan ta ce ƙashin ya koma, amma abin da ke riƙe da shi ya yage, kuma wannan ya fi karaya wuya. Ta naɗe hannun ta haɗa shi da ƙirjina. Ta ce ba ɗagawa, ba jifa, sai an yanke shinkafa an sussuke ta. Na yi lissafi a raina, na ga zango na biyu zai fara tun shinkafa tana tsaye a ruwa.

Na zauna a gida duk daminar nan. Kullum da hantsi sai ta kwance ta shafa ta mayar. Ina zaune a zaurenta ina kallon masu zuwa, ita kuma tana aikinta tana yi mini tsiya, wai ga jarumin jifa ya zama mai gadi.

Saura 'yan makonni a koma, sai ga Koci ya zo. Ya cire takalmi ya durƙusa ya gaishe ta kamar yadda ya saba. Ya yi mata bayani dalla-dalla, cewa muna kusa da ƙarshen tebur, in muka faɗo mai ƙungiya ya ce ba zai ci gaba ba, kuma mutum goma sha wani abu ne za su rasa abin da suka sa rayuwarsu a kai. Ya ce ba zai sa ni duk wasanni ba, sai inda ya zama dole. Ba mugun mutum ba ne Koci. Shekarunsa ya zuba a kan simintin nan, idonsa har ya kawo ruwa yana magana. Gwaggo ta saurare shi har ya gama.

"Malam, na ji ka, kuma na tausaya muku," ta ce. "Amma ku kuna da kakar wasa wata bayan wata. Shi kafaɗar hagu ɗaya gare shi."

Koci ya ce ai matsalar ke nan, in aka faɗo babu wata kakar. Ta ce to ita dai abin da yatsunta suka gaya mata ke nan. Ya yi godiya ya tafi. Bai ce mini in biyo shi ba, ko kallona bai yi ba da zai fita, kuma wannan ya fi damuna fiye da a ce ya roƙe ni.

Bayan kwana huɗu na kwance ɗaurin da kaina. Ta fito ta same ni a tsakar gida ina juya hannu, jakata a gefe. Ta tambaye ni wa ya ba ni izini. A nan na faɗi maganar da har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Na ce mata duniya ta wuce kara da man shanu, a birni akwai allurar da ake yi wa ɗan wasa ya buga lafiya, ita kuma ba ta taɓa wuce Hadejia ba balle ta san abin da ake nufi da babbar gasa. Baba yana alwala ya ajiye buta ya kalle ni. Gwaggo ba ta ɗaga murya ba.

"In ka fita da ita a haka, Bahago, kada ka dawo mini da ita."

Ta koma ɗaki ta saki labule. Na ɗauki jakata da dama na tafi.

Kwanakin farko na zango na biyu allurar ta yi aiki. Ana yi mini ita kafin wasa, kafaɗar ta mutu, in shiga in yi ta jifa. Muka ci wasa biyu a jere. Na kira Baba na ce ya gaya wa Gwaggo ga ni nan lafiya ina zura ƙwallo. Da na sake kira na tambaye shi me ta ce, ya ce ci gaba kawai ta yi da tsintar wakenta. Daga baya sai allurar ta fara sakina tun kafin a tafi hutun rabin lokaci. Da safe abokin ɗakina ne yake sa mini riga. Koci ya gani, ya ce in huta wasa ɗaya, na huta, aka ci mu, washegari ya dube ni na dube shi, na miƙa hannu aka yi allura.

Wasanmu na ƙarshe da wata ƙungiya ce da ita ma take neman tsira. Kunnen doki ya ishe mu mu zauna, su kuwa sai sun ci. Ana dab da tashi suna gabanmu da ƙwallo ɗaya, sai aka ture ɗan wasanmu a bakin da'ira, alƙali ya ba mu jifan mita bakwai. Shi ne jifan da ake tsayawa daga kai sai mai tsaron raga. Ni nake jefa shi tun da aka kafa ƙungiyar. Kyaftin ya miƙo mini ƙwallo ya tambaye ni a hankali ko zan iya. Na ce zan iya.

Aka busa. Na ɗaga hannu na kai shi baya, a nan kafaɗar ta fita. Ƙwallon ta suɓuce ta faɗi ƙasa, ta yi tsalle biyu ta gangara wurin mai tsaron ragarsu, ya sunkuya ya ɗauka kamar abin da wani ya yar a hanya. Ina durƙushe na ji an busa tashi.

Mai ƙungiya ya cika maganarsa. Bai yi faɗa ba, ya tara mu ya yi godiya ya ce ya gaji. Mutum biyu suka samu wasu ƙungiyoyin a kudu. Sauran kowa ya kama gabansa, wani acaɓa, wani ɗinki, mai tsaron raga ya koma dakon buhu a kasuwar kifi. Filin kuwa yanzu barkono ake shanyawa a kai, ƙarafan ragar ma ba a san wanda ya cire su ba. A asibiti aka ɗauki hoton kafaɗar aka ce sai tiyata, kuma ko an yi babu tabbas.

Ban koma gida ba. Na zauna a ɗakina na haya a Hadejia wata da watanni, har Sallah ta zo ta wuce, ina aika wa Baba uzuri. Ai ta ce kada in dawo mata da ita.

Wata rana da hantsi na ji babur ya tsaya a ƙofa, na ji muryar da na sani tana yi wa ɗan acaɓa faɗa cewa ya kusa zubar da ita. Gwaggo ba ta son babur ko kaɗan, ta kan ce shi ne ya fi kawo mata aiki. Ta shigo da ƙunshinta, ta dubi ɗakin, ta zauna a bakin katifa. Na durƙusa zan gaishe ta. Ta ce in cire riga.

Ta daɗe tana taɓawa. Da ta gama sai ta goge hannunta da gefen zane.

"Ba za ta dawo ba," ta ce. "Za ka ɗauki buta, za ka ɗauki ɗa in Allah ya ba ka. Amma jifa ya ƙare."

Likita ya faɗi kusan haka ban yi kuka ba. Ranar na yi. Ta bar ni na yi har na gaji, ba ta ce ai na gaya maka ba, ba ta tayar da maganar da na faɗa mata ba, a ranar ko bayanta. Ta sauka a gidan wata 'yar'uwarmu ta yi mako guda, kullum da safe tana zuwa da ƙafa ta gasa kafaɗar ta shafa, har na fara iya sa riga da kaina.

Ranar da za ta koma ta ce tana da magana. Ta ce ta lura da yatsuna tun ina zaman zaurenta, suna da ji, kuma wanda ya san zafin gocewa a jikinsa ba zai yi wa wani garaje ba. Ta ce in dawo gida in zauna kusa da ita damina biyu ko uku, ta nuna mini abin da kakanmu ya nuna mata, domin babu wanda ya karɓa. Na sunkuyar da kai na ce zan zo, amma ta ɗan ba ni lokaci, an ce za a buɗe horon masu koyar da wasa a Kano, kuma akwai wani da ya yi alkawarin farfaɗo da ƙungiyar. Ta ce to. Ta ɗaure ƙunshinta.

Horon bai yiwu ba, ƙungiyar ba ta farfaɗo ba. Na yi shekara biyu ina bin masu alkawari daga wannan ofis zuwa wancan, ina koyar da motsa jiki a wata ƙaramar makaranta. Gaskiyar da ban gaya wa kowa ba ita ce kunya nake ji. Mutumin da aka taɓa kiran sunansa a lasifika a babban ɗakin wasa, a ce ya koma ƙauye yana feren kara. Sau biyu ta aiko Baba ya gaya mini idonta ya fara hazo, hannunta kuma yana rawa da safe. Na ce bayan jarrabawa. Na ce bayan Sallah.

Zuwana na ƙarshe tana kwance, ta rame har zoben azurfarta yana yawo a yatsa. Ta sa na zauna kusa. Abin mamaki, ita ta tayar da zancen wasan. Ta ce an ba ta labarin jifan nan na ƙarshe, tana so ta sani, da kafaɗar ta riƙe, ƙwallon za ta shiga? Na ce ban sani ba, mai tsaron ragarsu gwani ne. Sannan ta ce abin da ya tsaya mata a rai shi ne ranar da na tafi. Ta san ba zan fasa ba, ta gani a idona. Da ta haɗiye fushinta ta yi mini ɗaurin tafiya, ta nuna mini yadda abokin ɗakina zai riƙa gasa kafaɗar, wataƙila da kafaɗar ta kai ni ƙarshen gasar. Ta ce zuciya ce ta ɗebe ta, in yafe mata. Ni da na zo da niyyar neman gafara sai ga shi ita ta riga ni. Na ce mata wannan karon da gaske nake, da zarar ruwa ya janye zan kwaso kayana. Ta ce Allah ya kai mu. Kwana goma sha ɗaya bayan nan ta cika, ruwa bai janye ba.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta kamar yadda ta sanyaya wa bayinsa ciwo. Mu da ta bari da bashin alheri da na baƙar magana, Allah ya yafe mana.

Ranar sadakar uku, mutane sun fara raguwa, sai ga wasu maza sun shigo zaure riƙe da wani magidanci. Daga wani ƙauye suke a hayin kogi, labarin rasuwar bai kai musu ba. Mutumin ya faɗo ne daga kan rumbu yana ƙoƙarin kwashe hatsi kafin ruwa ya shiga, tsintsiyar hannunsa ta karkace ta kumbura. Da suka ga tabarmi da mutane sai suka tsaya cak. Aka gaya musu. Suka yi salati suka yi ta'aziyya a tsaye, mai ciwon yana cije leɓe.

Baba ya juyo ya kalle ni, sauran mutanen ma suka kalle ni, domin kowa ya san na yi damina guda a zauren nan. Na durƙusa na karɓi hannun. Na bi shi da yatsu a hankali, ina neman inda ƙashin ya rabu. Zafi kawai na ji da kumburi. Na ajiye masa hannun a cinya, na ce su yi sauri su kai shi asibiti a Hadejia.

Yayan mutumin ya ce tafiyar da nisa a wannan ruwan. Ya dubi labulen ɗakinta, ya dubi Baba, ya tambaya ko akwai wanda ta bar wa aikin.

Baba ya ce, "Babu kowa."